Wa Ke Riƙe da Sunayen Mutanen Kurfai?

A Bonkuku da ƙauyukan Imanan, har zuwa Filinge da Shikal, babu magidancin da bai san ranar rubuta suna ba. Tun da dare maigari zai sa a yi shela. Da hantsi mota ta tsaya, samari biyu ko uku su sauko sanye da riguna masu tambarin furoje, kowa da tabilet a hannu. A shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, a shiga kira gida-gida. Sunanka da na mahaifinka. Matanka nawa, ƴaƴa nawa, wa ya tafi bida, wace ƙasa. Dami nawa ka samu bana, wata nawa zai kai ka. Awaki nawa, tumaki nawa, akwai saniya? Lambar salula. Sai a ɗauki hotonka, wani lokaci a bi ka har ƙofar gida, yaron ya ɗaga tabilet sama yana jiran tauraron ɗan adam ya nuna masa daidai inda gidan yake. Kafin la'asar sun kama hanyar Baleyara.

Galibin waɗannan na'urori da KoboToolbox ko ODK suke aiki, kuma duka biyun buɗaɗɗun manhajoji ne. ODK ta fito daga Jami'ar Washington a Amurka wajen 2008, Kobo kuma ta girma a hannun wata cibiyar ayyukan agaji ta Jami'ar Harvard. Saboda haka muhawarar da matasan kwamfuta ke yi a Yamai kan buɗaɗɗiyar manhaja da sirrin bayanai ta riga ta iso Dallol Boso tuntuni. Abin da bai iso ba shi ne muryar waɗanda ake rubutawa.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar asalin rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya ba wani, ba tare da ya nemi izini ko ya biya kuɗin lasisi ba. Manomin kwambitar a Bonkuku zai fi kowa gane amfanin wannan. Kowace shekara yana zuba ido a kawo iri daga Turai. In jirgin ruwa ya makara ko farashi ya hau, garka ta jira, sanyi kuma ba ya jiran kowa. Haka ma'aikatar da ta jingina da rufaffiyar manhaja take: ranar da kamfani ya ƙara kuɗi ko ya janye, aiki ya tsaya. Mai buɗaɗɗiya kuwa irinsa na cikin rumbunsa.

Ni mai goyon bayan wannan tafarki ne, kuma hujjar tana kusa. Rahoton wata-wata da gidajen likita na karkara ke aikawa, na zazzaɓin cizon sauro da rigakafi da haihuwa da tamowa, yana shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke kula da ita, wadda ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 ke aiki da ita, har da ta Nijar. Da kuɗin lasisi ake biya kan kowane gidan likita, da wuya baitulmalin ƙasarmu ya ɗauka. Kobo da ODK kuma an ƙera su ne don wuraren da rezo ke zuwa yana ɗaukewa: a cika takarda a daji, a aika in an dawo gari. Waɗannan alheri ne na gaske, kuma mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Kurfai ba suka yi mana su.

Sai dai buɗe rubutun manhaja bai ce komai ba game da inda sunan malam wane ya kwana. Da motar nan ta isa inda rezo yake, jerin sunayen ya tashi zuwa rumbun ajiya, mafi yawa a wata ƙasa, ƙarƙashin dokar wata ƙasa. Daga nan wani ma'aikaci ya sauke shi cikin kwamfutarsa ta hannu, ya aika wa shugabansa, shugaban ya aika wa masu ba da kuɗi, wani ya tura wa abokin aiki ta WhatsApp don ya fi sauri. Furoje ya ƙare bayan shekara uku, ma'aikata su watse, kwamfutar ta bi mai ita gida ko ta faɗa kasuwar ƴan gwanjo. Jerin yana nan. ODK da Kobo suna da hanyar kulle amsoshi da mabuɗin sirri tun a cikin tabilet, yadda ko mai rumbun ba zai iya karantawa ba, amma sai wanda ya tsara takardar ya kunna ta da kansa, kuma yin haka na ƙara wahala wajen aiki. Duk inda kariya ta zama ƙarin wahala, kuma babu mai tambaya, an san abin da ke biyo baya.

A wata ƙasa, in irin wannan jeri ya ɓalle, abin da zai biyo baya bai wuce tallace-tallacen banza da kiran ƴan damfara ba. A jihar Tilaberi maganar ta fi haka nauyi. Mun san abin da arewacinmu ke ciki. Abala, wadda har 2011 tana cikin Filinge, ta sha hare-hare. A Janairun 2020 sojoji 89 suka kwanta dama a Shinagodar. A Maris 2021 aka tare motocin da suka taso daga kasuwar Banibangu aka kashe mutum 58. Ƴan bindiga na shiga ƙauyuka suna karɓar abin da suke kira zakka bisa yawan dabbobi, suna kashe masu gari da duk wanda suka zarga da kai rahoto ga hukuma, suna kuma lalata eriyar kamfanonin waya. To a irin wannan ƙasa, takardar da ke ɗauke da sunan mutum, da yawan bisashensa, da lambarsa, da daidai ƙofar gidansa, da labarin cewa ɗansa na Abijan yana aiko kuɗi, mene ne sunanta? Abin da mai karɓar zakkar dole zai yi watanni yana nema ta bakin ƴan leƙen asiri, ga shi an tattara masa wuri ɗaya, an jera shi bi da bi.

Kada a ce wannan tsoro ne kawai. A Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta sanar cewa masu kutse sun shiga rumbunta sun kai ga bayanan mutane fiye da 515,000, galibinsu waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu. Ƙungiya ce mai kuɗi da ƙwararru, mai hedikwata a Janeba. A Agustan 2021, da Taliban suka shiga Kabul, na'urorin ɗaukar zanen yatsa da ƙwayar ido da sojojin Amurka suka bari sun faɗa hannunsu. A Yunin 2021 kuma Human Rights Watch ta bayyana yadda bayanan ƴan gudun hijirar Rohingya da aka tattara a sansanonin Bangaladash suka kai ga gwamnatin Myanmar, wato gwamnatin da suka gudu daga hannunta, alhali da yawansu sun ɗauka rajistar abinci da katin zama kawai suka yi. A dukan ukun, da sunan taimako ko tsaro aka tattara bayanan.

Za a ce ai ana neman yardar mutum kafin a rubuta shi. Gaskiya ne, akwai layi a saman takardar, da Faransanci, wanda yaron zai fassara cikin numfashi ɗaya da Zabarmanci ko Hausa, in an yi sa'a da Tamajak. Amma magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina ta faɗi, wanda ya ji cewa daga wannan jeri za a zaɓi masu samun buhun hatsi, ina ya ga bakin cewa a'a? Ko tambayar ina za a kai sunansa ba zai yi ba, don kada a ce yana da taurin kai a tsallake shi. Yardar da yunwa ta karɓo ba ta sauke nauyi daga kan mai tambaya. Ƙara masa take yi.

Gwamnati ma na da nata rubutun, kuma ya fi na kowa girma. A Nuwamban 2013 aka rufe layukan salula kimanin miliyan 1.7 saboda ba a yi musu rajista da suna ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar a lokacin. Abin da ya biyo baya a karkara kowa ya sani: wanda ba shi da katin ɗan ƙasa sai ya ari na ƙanensa, ko na mai kanti, ko ya sayi layin da aka riga aka rubuta da sunan wanda bai sani ba. Har yau akwai mutumin da layi biyar ke yawo da sunansa, bai san abin da ake faɗa a cikinsu ba, kuma shi za a nema ranar da ɗaya ya shiga bincike. A 2020 Nijar ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya, tare da Togo da Benin da Burkina Faso, don ba kowane mutum lambar shaida guda mai haɗe da zanen yatsa. Tana kuma cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da MOSIP, buɗaɗɗiyar manhajar shaidar ɗan ƙasa da wata cibiyar fasaha a Bangalor ta Indiya ta ƙera, wadda Maroko da Filifin da Habasha suka gina nasu tsarin a kanta.

Ba na adawa da katin shaida. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sauke ɗan bida daga mota a shingen bincike don ba shi da takarda, ko yarinyar da ta kai ajin jarrabawa aka ce babu takardar haihuwa, ba zai yi adawa da shi ba. Zaɓen buɗaɗɗiyar manhaja ma hikima ce, don ƙasashe da dama sun sha wuya a hannun kamfanonin da suka riƙe mabuɗin rumbun ƴan ƙasa suna ƙara farashi yadda suka ga dama. Abin tambaya shi ne wa ke da ikon buɗe rumbun bayan an cika shi, kuma wa zai hana shi in ya wuce gona da iri.

A takarda muna da amsa. Akwai dokar kare bayanan mutum ta Mayun 2017, wadda aka sake sabuntawa a Disamban 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa aikin tsaron ta. Dokar ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka rubuta a kansa, da neman a gyara, ta kuma sa sharaɗi kan fitar da bayanai zuwa waje. Amma hukumar na Yamai, kuma da wuya ka sami mutum ɗaya a kasuwar Bonkuku da ya taɓa jin sunanta. A gefe guda kuma ga sauran dokokin. A Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar sauraron wayoyin jama'a saboda tsaro, ƴan adawa suka fice daga zauren, babban ƙorafinsu shi ne izinin sauraron na hannun ɓangaren zartarwa. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka yanke intanet ɗin salula kusan kwana goma. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabu a 2020, an cire mata hukuncin kurkuku kan ɓata suna a 2022, aka mayar da shi a Yunin 2024. Gwamnatocin farar hula da na soja duk suna da hannu a wannan jerin, shi ya sa ban ɗauke shi laifin mutum ɗaya ba. Hali ne na mulki: abin da ya samu damar gani, zai duba.

Nan ne nake rabuwa da wasu abokaina masu kishin ƙasa. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 kalmar ƴancin kai ta cika bakin kowa, kuma a fagen fasaha ana fassara ta da cewa a dawo da rumbunan bayananmu gida. Na yarda a dawo da su. Bayanan marasa lafiyar Filinge ba su da dalilin kwana a Turai. Amma in an ɗauko rumbu daga Turai aka ajiye shi a Yamai, ba tare da alƙali a tsakanin mai mulki da mabuɗin ba, ba tare da rajistar da ke nuna wa ya buɗe, yaushe, don me ba, to manomin Imanan bai ƙaru da komai ba. Wataƙila ma wanda ke iya duba sunansa yanzu ya fi kusa da shi, ya fi kuma iya taɓa shi.

Sai kuma wayar da ke aljihu. Amfaninta ba abin musu ba ne. Binciken da Jenny Aker ta yi kan kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Yau mai kwambitar na jin farashin kasuwar Katako ta Yamai kafin ya ɗora buhu a mota, kuɗin ɗan bida kuma na isowa ta Nita ko Al Izza ko Amana cikin yini. Amma a duba yadda wayar ke rayuwa. Tana wuni a rumfar mai caji, cikin jerin wasu talatin da ke rataye jikin batir da faifan sola, kowace da ƴar takarda mai lamba, mafi yawa babu makulli. Yaron rumfar shi ke zuba wa'azi da waƙa da fim, shi ke buɗe wa mutum WhatsApp, shi ya zaɓa masa lambar sirri, shi kuma ke tuna ta. Da yake waɗanda suka iya karatu cikin manyanmu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, saƙon kuɗi in ya shigo sai an miƙa wa wani ya karanta, saƙon murya kuma a bainar jama'a ake sauraronsa. Matar da mijinta ke Kwatano, rabin unguwa sun san nawa ya aiko.

Abin da yaron ke zubawa sau da yawa ba WhatsApp na ainihi ba ne. GBWhatsApp ne ko ɗaya daga cikin ƴan uwansa, waɗanda ake tura wa juna ta Xender don suna da ƙarin kwalliya kuma ba sa cin kuɗin intanet wajen saukewa. Babu wanda ya san masu ƙera su, rubutunsu a rufe yake, kuma a 2021 kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp. Shekara guda kafin nan an gano irin wannan cuta a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a Habasha da Gana da Kamaru da wasu ƙasashe, tun daga kwali, tana sa mutane rajistar abin da ba su nema ba tana cinye musu kuɗin waya. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Mai ƙaramin ƙarfi shi ke sayen waya mafi araha, shi ne kuma ba ya samun sabuntawa.

Shawarar da masana ke bayarwa ita ce a koma Signal. Manhaja ce mai kyau, buɗaɗɗiya, kuma tsarin kulle saƙonta ne WhatsApp kansa ya ɗauka tun 2016. Amma dangi na WhatsApp, dillali na WhatsApp, ƙungiyar ƴan garinmu mazauna Lome na WhatsApp. Kuma kulle saƙo yana kare shi ne a kan hanya, tsakanin waya da waya. Ba ya hana mai bindiga, na daji ko mai kaki, ya ce buɗe in gani. A wannan yanki hatsarin da ya fi kusa shi ne hannun da ke karɓar wayar, kuma abin da zai taimaka ƙanana ne: saƙon da ke goge kansa bayan kwana ɗaya, makullin da mai wayar ya zaɓa da kansa, sanin cewa hoton sojoji ko na gawa da wani ya turo cikin guruf na iya zama sanadin ajali a shinge. Duk waɗannan ana iya koyar da su ta rediyon karkara cikin harsunan yankin, kuma yaran rumfunan caji su ne malaman da suka fi dacewa, in an koya musu an kuma girmama su.

Akwai labarin da ya girgiza duniyar buɗaɗɗiyar manhaja a Maris 2024, wanda ya kamata matasanmu su yi nazarinsa da kyau. Wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux, mutum ɗaya ne ɗan sa-kai, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita har ya gaji. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya yi kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana, sannan ya dasa ƙofar ɓoye da za ta ba shi damar shiga kwamfutoci a faɗin duniya. Injiniya Andres Freund ne ya lura cewa shiga wata na'ura na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya tono ta kafin ta bazu. An kama ɓarnar ne don rubutun a buɗe yake. An kuma kusa rasa ta don masu dubawa ba su da yawa. Buɗewa dama ce ta dubawa, kuma sai da mai ido take aiki.

Mu nawa muke da su? Akwai matasa a Jami'ar Abdu Mumuni, da waɗanda suka bi ta cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN, da ƴan OpenStreetMap na Nijar da suka zana unguwannin Yamai masu fama da ambaliya, da masu rubuta Wikipedia ta Hausa da masu ba da muryarsu ga Common Voice. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, amma shafin da ake saita sirri a wayar mutumin Kurfai har yanzu da Faransanci ko Ingilishi yake magana, Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci kuwa ko ambatonsu ba a yi. Fassara buɗaɗɗiyar manhaja ba ta bukatar izinin kowa. Haka nan duba takardun tambayoyin da ƙungiyoyi ke yawo da su: matashin da ya iya Kobo zai iya zama da shugabannin Imanan su bi takarda layi-layi, su tambayi mai furoje me zai yi da yawan awaki in buhun shinkafa zai raba, me ya sa sai ƙofar gida alhali sunan ƙauye ya isa, a ina za a ajiye, ranar wace za a goge, an kunna makulli ko ba a kunna ba. Tambayar da ba a yi ba, ba a iya sace amsarta.

Wannan aiki ne, kuma aiki albashi yake so. Furojojin da ke ware miliyoyin sefa don sayen tabilet da man mota suna iya ware kuɗin ma'aikaci ɗaya a Filinge wanda aikinsa kawai shi ne tsaron bayanai: ya san kowane jeri da aka ɗauka a yankin, ya tabbatar an goge na furojen da ya ƙare, ya karɓi koken wanda ke son a cire sunansa ya kai shi gaban HAPDP. Ya kamata hukumar ita ma ta sa sharaɗi cewa duk mai ɗaukar bayanai a yankunan da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci sai ya nuna mata takardar tambayoyinsa kafin mota ta tashi daga Yamai, kuma ANSI, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ta wajabta cewa duk manhajar da aka biya da kuɗin jama'a a wallafa rubutunta, don ɗalibin da ke Tawa ko Damagaram ya iya buɗewa ya ga abin da take yi da sunan mahaifinsa.